Ƙura Ko Kura? Tarihin Masu Tace Wa Makafi Littattafai

Mai karatu, bari in fara maka da wata 'yar jimla irin wadda za ka iya cin karo da ita a kowane littafin hikaya: da motar ta wuce sai ƙura ta tashi. To, yanzu ka cire 'yar ƙugiyar nan da ke kan harafin ƙ ka sake karantawa. Kura ce ta tashi! Labarin soyayya ya koma labarin dawa (ko da ya ke in a titin Gidan Zoo na Kano abin ya faru, wa ya sani).

Kai da Allah ya bar maka idon ka, in ka ga irin wannan murmushi kawai za ka yi, ka ɗan waiwayi layin sama, ka gane abin da marubuci ya ke nufi, ka wuce abin ka. Amma ka ƙaddara littafin ba ya gaban ka. Na'ura ce ta ke karanta maka shi a kunne, ko kuwa da ɗan yatsa ka ke bin sa ɗigo bayan ɗigo, ba ka da asalin shafin balle ka duba ka ga ko tawada ce ta goge. Ka kuma ƙaddara irin wannan tuntuɓe ya na jiran ka sau biyar ko goma a kowane shafi. Shafi nawa za ka jure kafin ka ajiye littafin?

Akwai mutanen da aikin su ke nan, su bi littafi harafi-harafi su share wa makaho hanya kafin ya iso. Ba a sa sunan su a bangon littafi, ba a ba su lambar yabo, kuma in an zo ba da tarihin karatun makafi sai a yi ta yabon masu ƙirƙira na'ura a manta da su. Tarihin su na ke so mu bi a wannan wata, kuma sai mun faro daga nesa, daga birnin Paris na ƙasar Faransa.

A shekarar 1771, a wani bikin kasuwa a Paris, wani matashi mai suna Valentin Haüy ya ga an jera makafi a kan dandamali, an sa masu huluna na ban dariya da tabarau na kwali, an miƙa masu kayan kiɗa, jama'a su na ta sheƙa dariya. Abin ya tsaya masa a rai. A 1784 ya fara koyar da wani yaro makaho da ke bara a ƙofar coci, kuma daga nan makarantar makafi ta Paris ta samo asali. Dabarar sa ita ce a jiƙa takarda mai kauri a danna ta a kan manyan haruffan ƙarfe, harafi ya taso, yaro ya shafa. A 1786 ya buga littafi da wannan dabara. Sai dai harafin boko don ido aka yi shi. Yatsa kan sha wuya kafin ya zagaye lanƙwasar sa, kafin yaro ya kai ƙarshen jimla ya manta farkon ta, ga littattafan jibga-jibga, ga shi kuma yaron ba shi da hanyar rubuta nasa.

Cikin yaran da su ka shiga makarantar a 1819 akwai ɗan shekara 10 mai suna Louis Braille, ɗan wani baduku mai ɗinkin kayan doki, wanda ya soki idon sa da ƙarfen aikin mahaifin sa tun ya na shekara 3, ciwon ya ci ɗaya idon. A makarantar ya ci karo da rubutun ɗigo na wani mutum, Charles Barbier, mai ɗigo har 12 a gida guda, wanda ya fi ƙarfin kan yatsa. Braille ya rage su zuwa 6, uku a hagu uku a dama, waɗanda za a iya jujjuya su a fitar da alamu 63. Ya na shekara 15 ya kammala tsarin, ya buga shi a 1829, ya rasu a 1852 da ciwon tarin fuka. Sai a 1854, bayan ya kwanta dama da shekara biyu, makarantar da ya koyar a cikin ta ta amince da rubutun nasa a hukumance. Halin duniya ke nan.

To an samu rubutu. Saura littafi, kuma a nan ne mutanen da mu ke magana a kan su su ka shigo. Buga littafin Braille a inji ya na da tsada, masu saye kuma ba su da yawa, don haka akasarin littattafai da hannu aka riƙa kwafar su, kamar dai yadda magabatan mu su ka riƙa kwafar littattafan ajami da alƙalami. A Ingila an kafa laburaren ba makafi aron littattafai a 1882, kuma masu aikin sa-kai ne, yawancin su mata, su ka cika shi da kwafin hannu. A Amurka ƙungiyar Red Cross ta horar da ɗimbin masu kwafa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda sojojin da su ka dawo ba ido. Kayan aikin su wani ɗan allon ƙarfe ne mai ramuka da tsinke. A matse takarda a ciki, a riƙa hudawa ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Da ya ke ta bayan takardar ɗigon ke tasowa, dole mai rubutu ya faro daga dama zuwa hagu, kuma kowane harafi a juye zai rubuta shi, kamar wanda ke rubutu a madubi.

Ka ga inda kuskure ke shigowa. A rubutun Braille, harafin e da harafin i juyin juna ne. Haka d da f, haka h da j. Mai kwafa ya gaji, ko yaro ya kira ta daga tsakar gida, sai ɗigo ya faɗa gefen da ba nasa ba, kalma ta zama wata. Shi ya sa tun daga farko aka gane cewa wanda ya kwafa ba shi zai duba aikin sa ba. Aka fito da tsarin mutum biyu: makaho ƙwararre ya ɗora yatsun sa a kan kwafin, mai ido ya zauna kusa da shi da asalin littafin, ɗaya na karantawa a bayyane ɗaya na bi, har da faɗin waƙafi da aya da babban baƙi. In an ci karo da ɓaraka a tsaya a rubuta lambar shafi da layi. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda wata doka ta 1931 ta ɗora wa nauyin samar wa makafi littattafai, har takardar shaida ya riƙa bayarwa ga masu kwafa da masu tacewa bayan jarrabawa. Ka lura da wannan, mai karatu, domin zai sake dawo mana: tun a wancan zamani makaho ba ɗan jiran a miƙo masa ba ne kawai, shi ne alƙalin da ke cewa littafi ya yi ko bai yi ba.

A 1934 a Amurka, da 1935 a Ingila, aka fara naɗar littattafai a faifan garmaho. Cikin na farko da aka naɗa a Ingila har da wani littafin binciken kisan kai na Agatha Christie. Wannan ya taimaki waɗanda su ka makance da girma, yatsun su ba su saba da ɗigo ba. A nan ma ba a bar mai karantawa shi kaɗai ba, akan sa wani ya riƙe littafi ya na bin sa, da ya yi tsallake ko ya karya suna a ce ya sake. Amma faifai ba ya gaya maka yadda ake rubuta kalma, ba ya kai ka shafi na 47 in malami ya ce a buɗe can, kuma littafin da wani ya zaɓa ya naɗa shi za ka ji, ba wanda ran ka ke so ba.

Wannan buri na makaho ya ɗauki kowane littafi ya karanta da kan sa ba tare da roƙon kowa ba, shi ya haifar da na'urori. A 1913 wani masanin kimiyya a Birmingham, Fournier d'Albe, ya ƙera wata na'ura da ke haska harafi ta mayar da siffar sa sautin kiɗa, makaho ya haddace sautin kowane harafi. Da aka gwada ta a bainar jama'a a 1918, wata baiwar Allah makauniya, Mary Jameson, ta karanta da ita, kalma ɗaya a minti ɗaya. Kar ka yi dariya, ranar nan ne makaho ya karanta bugun tawada ba da idon wani ba. A 1971 aka fara sayar da Optacon, wadda wani malamin jami'ar Stanford, John Linvill, ya ƙirƙiro saboda 'yar sa makauniya: ka bi layi da 'yar kyamara da hannu ɗaya, tsinkaye 144 su riƙa zana maka siffar harafin a kan yatsan ɗaya hannun.

Babban juyi ya zo ne ranar 13 ga Janairu, 1976, lokacin da Ray Kurzweil, tare da shugabannin ƙungiyar makafi ta ƙasar Amurka, ya nuna wa 'yan jarida na'urar sa. Abu uku ya haɗa wuri guda: sikana mai ɗaukar hoton shafi, manhajar da ke duban hoton ta gane haruffa ko da wane irin salon bugu ne, da murya ta inji mai furta abin da aka gane. A daren nan shahararren mai karanta labaran talbijin, Walter Cronkite, ya bar na'urar ta karanta kalmomin da ya saba rufe labarai da su. Mawaƙi Stevie Wonder, wanda makaho ne, ya na cikin na farko da su ka mallake ta. Sai dai ƙatuwa ce, kuɗin ta kuma dubun-dubatar daloli, sai laburare da makarantu.

A lokacin an zaci magana ta ƙare, an sallami masu kwafa da masu tacewa. Ina! Ai ita na'ura ba karatu ta ke yi ba, canka ta ke yi. Hoto ta ke gani, baƙi-baƙi a kan fari, ta ce wannan ya yi kama da kaza. In r da n su ka matsu da juna sai ta ce m ne. In c da l su ka haɗu sai ta ce d. Harafin l da lambar 1 da babban I duk ɗaya su ke a wurin ta, haka O da sifiri. Ɗigon ƙuda a kan takarda sai ya zama aya, tabon shayi ya zama kalmar da ba ta cikin kowane harshe. Shafin da aka raba gida biyu kamar na jarida, sai ta karanta shi a miƙe, rabin layin hagu ta liƙa masa rabin layin dama. Masu sayar da irin waɗannan manhajoji su kan yi alfahari da cewa ta na cin 99 cikin 100. Yi lissafi da kan ka: in shafi na da haruffa 2,000, ɗaya cikin ɗari ya zama kuskure 20 ke nan a shafi guda.

A 1989 wani injiniya, Jim Fruchterman, ya kafa wata ƙungiya da ba ta neman riba mai suna Arkenstone, ta riƙa haɗa wa makafi sikana da manhaja a kan kwamfutar gida da sauƙin kuɗi. Dubban makafi su ka samu. Mutum zai sayo littafi ya zauna sa'o'i ya na buɗe shafi, ya na kifawa a kan gilashi, ya na dannawa don inuwar tsakiyar littafi kada ta cinye haruffan gefe. Daga baya Fruchterman ya lura da wani abin takaici: littafi guda, in ya yi tashe, mutum ɗari ko dubu ne ke shan wannan wahala kowa a ɗakin sa, kowa kuma ya ƙare da kwafi mai kura-kurai. Me zai hana mutum ɗaya ya ɗauka, wani ya tace, kowa ya amfana? Doka ta riga ta buɗe ƙofa, domin a 1996 Sanata John Chafee ya kawo gyara a dokar haƙƙin mallaka ta Amurka wanda ya halatta wa ƙungiyoyin da aka amince da su su juya littafi zuwa sigar da naƙasassu za su iya karantawa ba tare da neman izinin mai littafi ba. A 2002 aka buɗe Bookshare, laburaren intanet wanda ba ya karɓar kowa sai wanda ya kawo shaidar cewa ba ya iya karanta bugun takarda. Ba makafi kaɗai ba: har da wanda idon sa garau amma haruffa na rikice masa a ƙwaƙwalwa, da wanda hannun sa ya shanye ba ya iya riƙe littafi ko buɗe shafi.

A shekarun farko masu aikin sa-kai ne su ka gina laburaren, kuma da yawan su makafi ne. Tsarin mutum biyun nan na zamanin tsinke ya dawo da sabuwar riga: wani ya ɗauki hoton littafi ya aiko, wani daban ya sauke ya tace kafin a saka a kanta. Inda aka fi son sauri kuwa, sai a sa injin yankan takarda irin na maɗaba'a a datse ƙashin bayan littafin, a zuba shafukan a sikana mai zuƙa da kan ta. Littafi ɗaya ya mutu don dubu su karanta.

Bari mu ɗan zauna kusa da mai tacewa mu ga abin da ya ke yi, don a nan ne ainihin labarin ya ke. Da farko zai ƙirga shafuka ya tabbatar ba wanda ya ɓace ko ya maimaitu, domin ba abin da ya fi ciwo kamar ka bi labari har ƙarshe ka tarar shafi biyun da aka warware ƙulli babu su. Zai duba shafin suna da na haƙƙin mallaka. Sannan ya bi kan kowane shafi ya cire sunan littafi da na marubuci da maɗaba'a kan maimaita a sama. Kai ba ka ma lura da su, idon ka ya saba tsallake su. Amma murya ba ta tsallake komai. Ana tsakiyar jimla, yarinya na shirin ba saurayi amsa, sai ka ji an rangaɗa sunan littafin da lambar shafi, sannan a ci gaba. Sau ɗari uku!

Lambar shafin kuwa ba a yar da ita, matsar da ita ake yi a ajiye ta inda na'ura za ta gane lamba ce. Dalili, ɗalibi makaho a aji ɗaya ya ke da masu ido. In malami ya ce a buɗe shafi kaza, ko ɗalibin na rubuta kundin digiri ya na son ya ce ga inda ya ɗauko magana, dole lambar sa ta yi daidai da ta littafin takarda. Haka kanun babi: sai an yi masu alama ta musamman, babba da ƙarami, sannan mai karatu zai iya danna maɓalli ya yi tsalle daga babi zuwa babi. Wannan shi ne amfanin tsarin DAISY wanda laburaren makafi na ƙasashe da dama su ka haɗu a kan sa a 1996. Amma tsarin ba ya sanin inda babi ya fara sai mutum ya nuna masa.

Saura ƙananan abubuwa masu cin rai. Kalmar da aka karya a ƙarshen layi da ɗan karan ɗori, a haɗe ta, amma a kula kada a haɗe wadda dama can da karan ta ta ke. Babban harafin ado da kan buɗe babi, wanda na'ura kan ɗauka hoto ne ta jefar, a mayar da shi. Sharhin ƙasan shafi a raba shi da gangar jikin rubutu. Waƙa a bar ta a baitocin ta, kada a cure ta ta zama zube. Jadawali a tsara shi yadda kunne zai iya bi. Hoto kuwa sai an rubuta bayanin abin da ke ciki, kuma nan ma da gwaninta: ka faɗi abin da ake gani, ka bar wa mai karatu ya yanke hukunci. Shi makahon da ke tacewa da kunne ya ke kama yawancin kura-kuran, in ya yi shakka ya sa muryar ta jero masa haruffan kalmar ɗaya-ɗaya, ko ya shafa ta a kan ɗan allon Braille mai tsinkayen da ke tasowa su na komawa. Abin da ya gagara ya nemi mai ido ya duba masa takarda.

Akwai kuma ƙa'ida guda da kusan duk masu wannan aiki su ka yarda da ita: ba a gyara wa marubuci. In shi ya yi kuskuren nahawu, ko ya rubuta kalma yadda ba ka so, ko ya yi zagi, haka za ka bar shi. Kuskuren na'ura ka zo cirewa. Ni a gani na wannan ita ce ƙa'ida mafi daraja a sana'ar, domin makaho na da haƙƙin ya karanta littafin da kowa ya karanta, da kyan sa da munin sa, ba wanda wani mai tausayi ya wanke masa ba.

A gefe guda akwai wasu mutanen da ba don makafi su ka fara ba, amma makafi sun ci gajiyar su ƙwarai. A 1971 Michael Hart ya fara Project Gutenberg, shirin zuba tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakar su ya ƙare a kwamfuta kyauta. A 2000 Charles Franks ya kafa Distributed Proofreaders don tace masu: a yanka littafi shafi-shafi, kowa ya ɗauki ɗaya, hoton asali a gefe, abin da na'ura ta canka a gefe. Kowane shafi kan bi zagaye uku na gyaran haruffa da biyu na tsara fasali, kuma ta haka sun kammala littattafai sama da 40,000. Su ne su ka yi ta tattara jerin kuskuren da ya fi kowane haɗari, wato wanda na'ura ta canza kalma zuwa wata kalmar da ita ma daidai ce. A Turanci "modern" kan koma "modem", "and" ta koma "arid", "he" ta koma "be". Manhajar duba ƙa'idar rubutu ba za ta ce uffan ba, don kowace kalma akwai ta a ƙamus. Sai mutum mai bin ma'ana. (Af, ka tuna karkatattun kalmomin nan biyu da akan sa ka rubuta kafin ka shiga wani shafi a intanet? Daga 2007 aka riƙa cusa kalmomin tsofaffin littattafai da na'ura ta kasa ganewa a ciki, kai ma ka yi aikin tacewa ba ka sani ba. Abin haushin, wannan shingen ya na cikin abin da ya fi tare wa makafi hanya.)

Sannu a hankali abubuwa su ka sauya. Kamfanonin ɗab'i su ka fara miƙa wa Bookshare asalin fayil ɗin littattafan su, wanda ba ya buƙatar sikana, har laburaren ya haura littafi miliyan 1. A Yunin 2013 ƙasashen duniya su ka ƙulla yarjejeniya a birnin Marrakesh na Maroko, wadda ta wajabta wa kowace ƙasar da ta shiga ta yi irin dokar Chafee, ta kuma halatta a aika irin waɗannan littattafai daga ƙasa zuwa ƙasa. Stevie Wonder ɗin nan dai ya je har can ya yi wa wakilai waƙa. Ta fara aiki a 2016. A lokacin ƙungiyar makafi ta duniya ta ƙiyasta cewa abin da makaho ke iya samu bai kai kashi 10 cikin 100 na littattafan da ake bugawa ba, a ƙasashe matalauta kuwa abin ya fi haka muni nesa. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar a 2017, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 kuma ta ƙunshi wannan sassauci.

To mu dawo gida, wajen kurar da mu ka baro. Karatun Braille ba baƙo ba ne a Arewa, tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, ga kuma irin ta Tudun Maliki a Kano. Amma sabon littafin da ke da fayil a kwamfuta ba shi ne matsalar mu ba. Matsalar ita ce dubban littattafan hikaya da aka buga tun daga tsakiyar shekarun 1980, zamanin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa. Da yawan littattafan wannan zamani marubutan ne su ka buga da kuɗin aljihun su, a kan takarda mai araha wadda tawadar baya ke leƙowa ta gaba, fayil ɗin kuma ya tafi da tsohuwar kwamfutar shagon da aka buga. Ba abin da ya rage sai takardar, ita ma ta na ja ta na ruɓewa. Irin waɗannan dole sai sikana, sai kuma mai tacewa.

Kuskuren nan mai ɓuya da Turawa ke kuka da shi, a Hausa ya fi samun wurin zama. Manhajar da ba ta san Hausa ba ta kan ɗauki ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ a matsayin datti ta share. Sai ƙafa ta zama kafa, ƙasa ta zama kasa, ƙoƙo ya zama koko, ɓata ta zama bata, ƙarya ta zama karya, an ƙare ya zama an kare. In ta haɗiye 'yan alamun da ke jikin 'ya'ya kuwa, sai ka ji mutum na neman yayan sa alhali yaran sa ya ke nema. Duk kalmomin Hausa ne lafiyayyu, ba mai kama su sai wanda ya san harshen ya kuma natsu.

Ga wani ƙulli kuma da ba na jin Bature ya gamu da irin sa. An ce ba a gyara wa marubuci. To in asalin littafin ne ba shi da ƙugiyar fa? Ai ka san da yawa an buga su a keken rubutu ko kwamfutar da ba ta da waɗannan haruffa, wasu su bi da biro su lanƙwasa, wasu su bar su haka. Ni dai ra'ayi na a mayar da ƙugiyar, domin rashin ta gazawar inji ce, marubucin ƙura ya ke nufi, sai dai a rubuta a farkon fayil ɗin cewa an yi hakan. Inda ba a taɓawa shi ne karin harshe. In marubuci ya sa Basakkwace ya yi magana da Sakkwatanci, ko Bakatsine da Katsinanci, mai tacewa ba shi da hurumin mayar da su Kanawa.

Ko littattafan Zariya masu tsabtar bugu ba su tsira daga aikin tsara fasali ba. Ɗauki Magana Jari Ce na Abubakar Imam, juzu'i uku, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930. Labari ne cikin labari, aku ya na bayarwa, a katse a koma fada, a sake shiga wani. Sikana za ta zubo maka shi duka kamar igiya guda. Sai wani ya zauna ya yi wa kan kowane labari alama, ya ware waƙoƙi da kirari daga zube, ya bayyana zanen da ke ciki, ya ajiye lambar kowane shafi a gurbin ta, sannan ɗalibar da ke Tudun Maliki za ta iya tsallakawa kai-tsaye zuwa labarin da ta ke so, kamar yadda kai ka ke yi da ɗan yatsa da miyau.